Idon ɗana ba ya daina hawaye, an ce sai an yi masa aiki

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ya ƙoƙari? Ɗana na fari yanzu watansa 14. Tun yana da sati 3 da haihuwa idonsa na hagu ke zubar da hawaye, ko ba kuka yake yi ba. Da safe sai in tarar kwantsa ta liƙe masa gashin ido, sai na sa auduga da ruwan ɗumi kafin ya iya buɗewa. Farin idon bai yi ja ba, kuma yana wasansa lafiya ƙalau. An sha rubuta mana maganin ɗigawa. In ana ɗigawa sai kwantsar ta ragu, da an daina ta dawo. An koya mini tausa ma, na yi ta yi har na gaji. Yanzu likitan ido ya ce hanyar hawayensa ce a toshe, kuma tunda ya wuce shekara sai an sa shi barci an buɗe ta. Maigidana ya ce shi kam bai yarda a taɓa idon yaro ƙarami ba, mahaifiyarsa kuma ta ce a bar shi, zai daina da kansa in ya girma. Ni na rasa tudun dafawa. Don Allah Likita, mu jira ko mu yarda? Aikin zai iya taɓa ganinsa? Kuma maganin barcin ba zai yi masa illa ba?

Maman yaro

AMSA

Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah ya raya mana shi, ya ba shi lafiya. Bari in fara da abin da ya tsaya wa maigida a rai. A wannan aikin ba a taɓa ƙwayar ido, ba a yanka fata, ba a ɗinki, kuma ba ya barin tabo. Wurin da ya toshe ɗin ma a cikin hanci yake.

Ido kullum a jiƙe yake. Akwai wani ɗan ƙullin nama a ƙarƙashin gira, ta gefen da ke wajen kunne, shi da wasu ƙanana da ke cikin fatar ido ne ke tsatso ruwan. Duk ƙiftawar da mutum ya yi tana share ruwan nan zuwa lungun ido na wajen hanci. Ki tsaya gaban madubi ki ɗan ja fatar idonki ta ƙasa, za ki ga wani mitsitsin rami a bakinta, dab da lungun. Akwai ɗan'uwansa a fatar sama. Ta nan hawaye ke shiga, su bi 'yan siraran hanyoyi biyu, su taru a wata 'yar jaka da ke kwance a gefen karan hanci, daga nan su gangara ta wata hanya da ta ratsa cikin ƙashi su faɗa hanci. Shi ya sa mai kuka ke jan majina, shi ya sa kuma wani lokaci in an ɗiga wa mutum magani a ido yakan ji ɗacinsa a maƙogwaro.

A can ƙarshen hanyar, daidai inda take buɗewa cikin hanci, akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira da sunan Hasner, wani likitan ido na Turai da ya rayu a ƙarni na 19. Ya kamata tantanin ya huje gab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta, amma na wasu jariran ba ya hujewa. Sai abin ya zama kamar kwatamin da bakinsa ya toshe: ruwa ya cika ya dawo baya, wanda ya kwanta a ciki kuma ya ɓaci. Hawayen da kike gani su ne suka dawo baya, kwantsar kuwa daga ruwan da ya kwanta a jaka take fitowa. Maganin ɗigawa yana kashe ƙwayoyin cutar da suka taru, amma ba shi da ikon huda tantani, don haka da kin ajiye kwalba sai kwantsa ta dawo. Kuma ki cire wa ranki cewa wani sakaci kika yi. Haka aka haife shi. Abin bai nuna ba sai a sati na 3 saboda a kwanakin farko jariri ba ya yin hawaye da yawa.

Hajiya kakar yaro ba ta yi ƙarya ba, ki gaya mata na ce haka. A wani bincike da aka wallafa a 1991 a yankin Sikotlan na Birtaniya, an bi diddigin jarirai kusan 4,800. Kusan 1 cikin 5 sun yi wannan zubar hawaye, kuma kashi 96 cikin 100 na waɗanda suka yi sun warke da kansu kafin su cika shekara. Ta ga irin waɗannan yara da idonta, shi ya sa take da ƙarfin gwiwar cewa a bari. Da a ce ɗanki watansa 4 ne, ni ma abin da zan ce ke nan: a goge, a yi tausa, a yi haƙuri. Ina ƙin ganin an gaggauta kai jariri ɗakin tiyata a kan abin da zai buɗe da kansa.

Tunda na ambaci tausa, bari in yi wa iyaye masu ƙananan jarirai bayaninta, domin akasarin wadda nake gani shafa ce kawai ake yi a kan ƙashin hanci. A wanke hannu, a yanke farce, a ɗora kan yatsa a lungun ido daidai kan jakar, a danna da ɗan ƙarfi sannan a gangara ƙasa ta gefen hanci. Manufar ita ce a matse ruwan da ke cikin jaka ya tunkuɗi tantanin daga sama har ya fashe. Wani likita a Amurka mai suna Crigler ne ya bayyana wannan dabara a 1923, kuma har gobe ita ake koyarwa. Akan yi ta sau 2 zuwa 4 a rana. In kwantsa ta ɓullo ta lungun ido yayin dannawa, alama ce yatsa ya sami wurin.

Amma ɗanki ya wuce wannan matakin. Yana cikin 'yan kaɗan ɗin da shekara ta zagayo tantaninsu bai huje ba. Wasu daga cikinsu kan warke a shekara ta biyu, don haka akwai likitocin da ke ƙara jira zuwa wata 18 ko fiye in hawaye ne kawai ba kwantsa. Sai dai duk watan da ya wuce, yiwuwar buɗewa da kanta raguwa take yi. Yaron da kullum yake tashi ido a liƙe, aka yi ta ɗura masa magani wata da watanni, fatar ƙasan idonsa ta fara ja saboda gogewa, ban ga amfanin ci gaba da jan lokaci a kansa ba. Da ɗana ne, da na yarda a yi. Ba gaggawa ba ce ta yau ko gobe, kuna da sararin zama ku fahimci juna a gida, amma kada a ce sai ya shiga makaranta. Wata ƙungiyar likitocin idon yara a Amurka ta bi sakamakon wannan aiki a yara masu yawa, ta samu kusan 8 cikin 10 na warkewa da yi ɗaya in an yi kafin shekara 3, bayan nan kuma nasarar ta ragu sosai.

Ga yadda ranar take kasancewa. Za a ba ki lokacin da za ki daina ba shi abinci, yawanci awa 6 ga abinci da madarar gwangwani, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla. Ki bi wannan sau da ƙafa ko da yana kuka yana miƙo hannu, domin in akwai abinci a ciki zai iya dawowa ya shiga huhu yayin barci. Na san wannan ne ya fi komai ci wa uwa rai a safiyar, amma kada tausayi ya sa ki ba shi ko cokali ɗaya a ɓoye. In kin ba shi bisa kuskure, ki faɗa, a ɗaga lokacin. A ɗakin aiki likitan sa barci zai kara masa 'yar roba a hanci da baki, ya shaƙi iskar magani, kafin minti ɗaya ko biyu jikinsa ya saki. Sai bayan ya yi barci akan sa masa allurar hannu.

Daga nan likitan ido zai ɗan faɗaɗa mitsitsin ramin nan da kika gani a madubi, ya zura wani siririn ƙarfe mai santsi, marar kaifi, wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 ba. Sunan William Bowman, likitan Ingila na ƙarni na 19, ƙarfen yake ɗauke da shi. Yakan shiga a tsaye kaɗan, sai a kwantar da shi a bi hanyar zuwa wajen hanci har sai kansa ya taɓa ƙashi. Wannan taɓawar ce ke gaya wa likita ya iso cikin jaka. Sai ya miƙar da ƙarfen ya fuskanci ƙasa, ya bar shi ya gangara a hankali. Ba a tura shi da ƙarfi, hanyar ce ke jan hannun likita, wanda ya tilasta kuwa zai iya huda inda ba hanya. Can ƙasa sai a ji ɗan tsayawa, a ƙara dannawa kaɗan, sai a ji wani ɗan sakin a yatsu. Tantanin ya huje ke nan. Don a tabbatar, akan tura ruwa mai launin rawaya ta ramin, a sa ɗan bututu a hanci a tsotso. In ruwan rawaya ya fito ta hanci, hanya ta buɗe. Duk wannan ba ya wuce minti 5 zuwa 10 a ido ɗaya. Sa shi barci da jiran ya farka sun fi aikin kansa cin lokaci.

Zai farka da kuka da fizge-fizge, wataƙila ma ya ƙi ki na ɗan lokaci. Maganin ne ke sakinsa, ga kuma yunwa. Da ya sha nono ko ruwa zai lafa, kuma a ranar za ku koma gida. Kada hankalinki ya tashi in kin ga hawaye da ɗan jini-jini, ko ɗan haɓo, kwana ɗaya ko biyu. Za a ba ki maganin ɗigawa na kamar sati ɗaya. Wasu yaran washegari ido ya bushe tas, wasu kuma sai kumburin cikin hanyar ya saɓe, don haka ba a yanke hukunci sai bayan 'yan makonni. Ko bayan an yi nasara, in mura ta kama shi za ki iya ganin hawayen sun ɗan dawo, domin cikin hanci ya kumbura ya matse bakin hanyar. Da murar ta tafi su ma za su tafi.

Batun maganin barci kuwa, ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba, domin babu aikin da ba shi da nasa. Amma ga yaro mai lafiya da ya wuce shekara, a hannun wanda ya saba da yara, haɗarin ƙarami ne ƙwarai. Tsoron da ya fi yawo shi ne wai yana taɓa ƙwaƙwalwa. Gargaɗin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2016 ya shafi barcin da ya wuce awa 3 ne, ko wanda aka yi ta maimaitawa, a yara 'yan ƙasa da shekara 3. An kuma yi wani babban bincike a ƙasashe da dama, aka wallafa sakamakonsa a 2019, inda aka gwada jariran da aka sa barci na kusan awa ɗaya da waɗanda aka yi wa allurar kashe zafi a rabin jiki kawai. Da suka kai shekara 5 ba a sami bambanci a kaifin basirarsu ba. Na ɗanki ba zai kai ko kusa da awa ɗaya ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne ki gaya wa likitan sa barci komai: in yaron yana da mura ko tari ko zazzaɓi a satin, in yana da asma ko sikila ko ciwon zuciya, in wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barci. Yaro mai mura akan ɗaga masa aiki, kuma ɗagawar alheri ce. Kina da haƙƙin ki tambaya ko wanda zai sa shi barci ya saba yi wa yara ƙanana. Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

To, in bai yi ba fa? Yana faruwa, musamman in toshewar ba tantani kaɗai ba ce, hanyar ce ƙunci gare ta, ko wani ƙashi na cikin hanci ya danne bakinta. Yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita tana jinkirta girma da koyo, sun fi gamuwa da irin wannan. A nan akan sake zura ƙarfen, a bar wani siririn bututun silikon mai laushi a cikin hanyar na wata 2 zuwa 6 don kada ta sake rufewa, sannan a zare shi. Wata dabarar kuma ita ce a zura ɗan balan-balan siriri, a hura shi a cikin hanyar ya buɗa ta, a sace iskar a fito da shi nan take. In ƙashin hanci ne ya tsaya a gaba, akan ɗan tura shi gefe. Wasu likitocin kan sa bututun tun a karon farko in yaro ya girma ko sun ji hanyar a matse, don haka ki tambayi naku tun kafin ranar me ya shirya yi in ya tarar da haka, kada ki farga da bututu a idon yaro ba ki san da zancensa ba. Babban aikin da ake huda ƙashi a buɗe sabuwar ƙofa daga jaka zuwa hanci, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DCR, wani likita ɗan Italiya mai suna Toti ya fara shi a 1904. Aikin manya ne galibi, yara kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa gare shi.

Kin tambaya ko ganinsa zai taɓu. Toshewar kanta ba ta makantarwa, aikin ma haka. Sai dai an lura yaran da ke da ita a ido ɗaya sun ɗan fi sauran samun bambancin ƙarfin gani tsakanin idanun biyu, irin wanda in ba a gano da wuri ba ido ɗaya kan zama rago, wato ganinsa ya yi rauni. Don haka ki roƙa a auna masa idanun duka biyu, awon tabarau, ko da hawayen sun tsaya.

Akwai abin da ba zan rufe wannan amsa ban faɗa ba, saboda masu karatu da za su ga kamar matsalar ɗansu ce aka bayyana. Ba kowane hawayen jariri ne toshewar hanya ba. Yaron da ke gudun haske yana runtse ido, ko baƙin idonsa ya fi na sauran yara girma, ko ya yi hazo-hazo, wannan zai iya zama hawan jinin ido na haihuwa, kuma shi yana makantarwa in aka yi jinkiri. Abin takaicin shi ne irin waɗannan idanun sukan burge mutane, a yi ta yaba girmansu. Jaririn da ya fara zubar da mugunya mai yawa a kwanakin farko na haihuwa, fatar ido a kumbure, a kai shi asibiti a ranar. Haka wanda aka haifa da wani kumburi mai shuɗi-shuɗi a ƙasan lungun ido, domin jakar ce ta toshe sama da ƙasa, takan kamu da cuta da sauri, wani lokaci ma ta kumbura zuwa cikin hanci ta hana jariri numfashi da kyau. Ke ma, Maman yaro, kafin ranar aikin, in kin ga gefen hancinsa ya kumbura ya yi ja, yana jin zafi in an taɓa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ki daina tausa ki kai shi nan da nan. Kuma kada a ɗiga masa komai a ido sai abin da likita ya rubuta. Wasu magungunan ɗigawa da ke kwantar da ja da kumburi suna ɗaga hawan jinin ido in aka daɗe ana amfani da su ba mai dubawa.

Shawarata ita ce ki roƙi maigida ya raka ki ganin likita na gaba, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Uba mai cewa kada a taɓa idon ɗansa ƙauna ce ke magana. In zai yiwu a nuna masa ƙarfen ya riƙe a hannu, a zana masa hanyar a takarda. Na sha ganin iyaye maza sun sauko da zarar sun gane ba wuƙa a lamarin.

TAMBAYA

Likita, barka da aiki. 'Yata shekararta 2, an sa mata bututu a hanyar hawaye sati 5 da suka wuce. Jiya da dare ta murza ido, sai muka ga wata 'yar roba kamar zare ta fito ta yi lanƙwasa a lungun idon. Ba ta kuka, amma uwarta ta tsorata. In ja ta in fitar, ko in yanke?

Baban yarinya

AMSA

Malam, kada ka ja, kada kuma ka yanke. Irin wannan bututun da alama mai shiga ta ramuka biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma akan ɗaure bakinsa a cikin hanci. In ka ja, ƙullin zai hau cikin jaka ya maƙale, ko robar ta tsaga ramin fatar ido. In ka yanke, guntu zai iya saura a ciki. Ka wanke hannu, ka kwantar da lanƙwasar a gefen hanci ka manne ta da filasta don kada ta goge baƙin ido ko yarinyar ta sa yatsa ta fizge. Da dare a sa mata safa a hannu in tana yawan murzawa. Wannan yakan faru, kuma ba ya nufin aikin ya lalace, domin sau da yawa a sati 5 hanyar ta riga ta samu. Ku koma wurin likitan da ya sa shi cikin kwana ɗaya ko biyu, shi zai duba ya mayar da shi ko ya cire gaba ɗaya. In kuwa idon ya yi ja, ko tana ƙin buɗe shi, ko tana gudun haske, ku tafi yau.